Bishiyar da Kawu Chollom Ya Gyara

Kyoto, 9 ga Fabrairu

Kawu Chollom,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan sanyin ƙasar Turawa a can Lewisham bai kama maka gwiwa ba. Yaya jikin matarka, Mama Juliana? Tun ranar da ka sanar da ni ɓarin jikinta ya shanye, ba safiyar da ban sa ta a addu'a ba. Na ji daɗi da ka ce an mayar da ita sashen da ake koya wa mutane tafiya. Ga shi na bi dokarka, na rubuta da biro na ɗauki hoton takardar na turo, tunda ka ce saƙon murya ba wasiƙa ba ne, surutu ne.

Ni lafiya lau. Yanzu kwana uku a mako ina lambun wani ƙaramin haikali a gefen gari, inda makaranta ta tura ni koyon aiki. Kada hankalinka ya tashi, ba na durƙusa wa kowa, tsintsiya da almakashi kawai nake riƙewa. Wanda nake bi tsoho ne da ya haura saba'in, ni dai Baban Lambu nake ce masa a raina. Turancinsa bai kai ya kawo ba, ni ma Japanancina na sayen burodi ne, amma aiki yana tafiya. Duk makon nan rage rassa muke yi, tun safe har yatsuna su mutu don sanyi. Ya ce in ana so lambu ya yi kyau a Afrilu, yanzu ne ake shan wahalarsa.

Kawu, mutanen nan da furen ceri, sai ka gani da idonka. Sakura suke kiransa. Yanzu ko ganye babu a jikin itatuwan, amma talabijin ta fara hasashen ranar da zai buɗe, gari bayan gari, da taswira, kamar yadda ake yi wa ruwan sama. A tsakar haikalinmu akwai wata tsohuwar bishiya da aka ce ta haura shekara ɗari biyu, rassanta suna zubowa har kusa da ƙasa. An tokare ta da gwafa goma sha ɗaya, na ƙirga, kuma duk inda gwafa ta taɓa reshe an naɗe wurin da ɓawo mai laushi don kada ta ji ciwo. Baban Lambu yakan tsaya ya duba ta da safe kafin ya amsa gaisuwata. Ba ta taɓa ba kowa ɗa ya ci ba, kuma ban ji wanda ya yi mata ƙorafi ba.

Duk sanda na wuce ta sai in tuna bishiyar cerin Mama ta bayan flat ɗinku, da tsiyar da kake mata a shekarar da na zauna a wurinku. Ka gaishe min da Mama, ka ce mata ina nan ina jiran labari mai daɗi.

'Yar ƙanwarka,
Gift


Lewisham, 23 ga Fabrairu

Gift 'yata,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa Mamanki har sau biyu a bakin gadonta. Gwiwa da sauƙi. Ki riƙa sa safar hannu, ba a kai ki Japan don ki dawo mana da yatsu takwas ba.

Jikin Mamanki sai godiya. Magana ta fara fita, sai dai a hankali, kamar tana ɗauko kowace kalma daga ƙasan jaka. Ƙafar ce ke ba da wahala. Taku shida take yi tsakanin ƙarafa biyu da ake dafawa wajen koyon tafiya, sai ta zauna tana haki. Akwai ranakun da take juya fuska bango ta ce a ƙyale ta, kuma ranakun nan suna ba ni tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Abu ɗaya ke tashe ta. In Sister Margaret, mai koya mata tafiyar, ta gaji da lallashi, sai ta tambaye ta labarin bishiya. Nan take za ki ga Mamanki ta miƙo hannu a ɗaga ta. Jiya cewa ta yi, “Ni da bishiyata mun yi appointment a Afrilu, ba zan yi cancel ba. Da ƙafata zan shiga garden ɗin nan.” Duk ward ɗin sun san da maganar.

To, ga albishir. Na gyara mata bishiyar.

Kin san tarihinta. Shekara goma sha tara ke nan da Mamanki ta sayo ta a kasuwar Lewisham, tana 'yar sanda kamar bulalar makaranta. Ni na haƙa ramin, ina murna za mu ci 'ya'ya. Shekara goma sha tara, ko ɗa ɗaya ban gani ba. Kwalliya kawai, mako guda, sai ta zubar min da aikin shara. A gonar babana a Vom, mangwaro ko fiya in ta yi haka shekara biyu, ba a zama yi mata wa'azi. A hau a rage mata kai sosai, iska ta shiga, rana ta shiga, badi ki ga reshe yana neman karyewa. Na daɗe da sanin maganinta, Mamanki ce ba ta bari in kusance ta ko da reza. Da na karanta cewa ku ma can rage rassa kuke yi a wannan wata, sai na ce ashe har Japanawa sun yarda da babana.

Jiya Asabar na ari tsani da zarto wurin maƙwabcinmu Abukari, mutumin Kumasi. Ya leƙo ta kan shinge yana cewa, “Mista Chollom, wannan itace shi ba ya ba ɗa fa, fure ne aikin shi. Madam ya sani?” Na ce masa ya tsaya a sayar da wayoyinsa, noma ba na 'yan zongo ba ne. Kafin azahar na gama. Ta yi fes, kamar yaro ya fito daga wurin aski. Ga hoto nan. Ban gaya mata ba, so nake ta dawo ta tarar da fure ninki biyu, in Allah ya yarda har da 'ya'ya a bayansa.

Ki nuna wa tsohon naki hoton, ya ga aikin mutanen Filato.

Kawunki,
Chollom


Kyoto, 24 ga Fabrairu

Kawu,

Ina kwana, yaya Mama. Ka yi haƙuri da gajeriyar wasiƙa.

Kawu, me ka yi haka? Rassan da muke ragewa na wasu itatuwa ne, ceri ba ma taɓa ta sai dole, wurin da aka yanka ba ya warkewa da wuri. Ba mangwaron Vom ba ce. Irin ta Mama don fure kawai aka yi ta, ko ka shekara ɗari kana aske ta ba za ta ba ka ɗa ba. Kuma furen bana tun bara ta ɗaura shi, 'yan ƙullin nan masu ruwan ƙasa da ke bakin ƙananan rassa. A hoton nan ban ga ƙaramin reshe ko ɗaya ba. Babu furen da zai fito a Afrilu.

Ina rassan suke?

Gift


Kyoto, 2 ga Maris

Kawuna,

Ina gaisuwa da ladabi, ina kuma tambayar jikin Mama da naka. Kwana shida ke nan ba ka amsa ba, na kira sau uku ba ka ɗaga ba. Na sake karanta abin da na rubuta, na ga yadda ya fita. Da na ce ba mangwaron Vom ba ce, ba raina gonar Kaka na yi ba, da kuɗin fiyar gonar nan aka sa uwata a makaranta. Tsoro ne ya sa bakina ya yi kaifi. Ni ma da laifina, na ce muna rage rassa ban faɗi na wane itace ba. Ka yafe min.

Na nuna wa Baban Lambu hoton kamar yadda ka ce. Ya daɗe yana kallo, ya ja iska ta haƙora. Da na ba shi labarin Mama da appointment ɗinta, da taimakon waya da nuni da hannu, sai ya ajiye tsintsiya ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani ɗan ɗaki a bayan haikali inda suke ajiye kayan aiki. A can lungu akwai tulu, a cikinsa wani reshe da dusar ƙanƙara ta karya wa tsohuwar bishiyar a watan jiya. Kawu, reshen ya yi fure. Ba saiwa, ba ƙasa, ruwa kawai, ga fure fari da ɗan ja-ja a jikinsa tun kafin uwarsa ta farka. Na tsaya kamar wawiya, hawaye na zuba, tsohon ya yi kamar bai gani ba.

Ga abin da ya ce. In rassan suna waje cikin sanyi da danshi, wataƙila ba su mutu ba. Ka zaɓi masu ƙulli da yawa, ka sake yanke gindin kowanne a karkace, ka tsaga shi kaɗan, ka tsoma a ruwa. Ka ajiye su inda ba zafi, nesa da hita mai ɗumama ɗaki, ka riƙa canja ruwan bayan kwana biyu. Ita kuma bishiyar, ka nemi man da ake shafa wa ciwon itace a shagon kayan lambu, ka rufe duk inda zarto ya bi. Bai yi alkawari ba, ya ce a gwada.

Shi ya sa na tambaye ka ina rassan suke. In motar shara ta council ta riga ta kwashe, shi ke nan, sai mu nemi wata dabara. Amma ka yi min magana, ko zagi ne.

'Yarka,
Gift


Lewisham, 4 ga Maris

Gift,

Muna lafiya, Mamanki tana gaishe ki. Ba fushi na yi da ke ba. To, na yi, na kwana biyu. Sauran kwanakin kunya ce. Na je Deptford sayen doya na kasa haɗa ido da kowa, kamar an rubuta abin a goshina. Abukari kuwa tsaninsa kawai ya karɓa ya ce sannu, kuma wannan sannun ta fi zagi ciwo.

Ranar Laraba Mamanki ta tambaye ni ko ƙullin bishiyar sun fara kumbura. Na ce mata eh. Shekara talatin da huɗu da aure, ban saba yi mata ƙarya ba, sai ga shi na yi a bakin gadon asibiti. A ranar ta yi taku tara. Na fito na zauna a bus stop, bus uku suka wuce ban shiga ba. Ina tsoron in ta ji gaskiya za ta juya fuska bangon nan ta ƙi juyowa.

Rassan suna nan. Kin taɓa ganin ɗan Vom ya zuba itacen wuta a shara? Na ɗaure su dami-dami na jingine a bayan shed ɗin da muke ajiye kaya, ni da ko murhu ba ni da shi a ƙasar nan. Yau na kwance su na yi duk yadda tsohon ya ce. Bokitin wanki, bokitin mopping, robar fenti biyu, har babbar tukunyar da Mamanki ke dafa shinkafar zumuntar mata, duk sun cika. Na kashe hitar falo, ina zaune da kwat da hula kamar mai jiran jirgi. Man ma na shafa, wuri ashirin da uku. Sai da na ƙirga su na san irin ɓarnar da na yi.

Ki ce wa tsohon na gode. Ban san yadda ake gaishe da babba a can ba, ki yi masa yadda ya kamata a madadina.

Kawunki


Kyoto, 27 ga Maris

Kawu Chollom,

Barka da war haka, ina fata kai da Mama kuna samun ƙarfi. Hotunan bokitanka na kowace safiya sun zama abin kallo a nan. Baban Lambu yakan sa tabarau ya duba, jiya ya ce ka kusa.

Namu furen ya buɗe. Kawu, ban san ta ina zan fara ba. Ranar Litinin ƙulli ne kawai, jiya Laraba na shigo ta ƙofar haikali na kasa gane wurin da nake shara kullum. Tsohuwar bishiyar ta sauko da fure tun daga sama har gwiwata, gwafannin nan duk sun ɓace a ciki. Ba shi da ƙamshi mai ƙarfi, sai ka matsa sosai. In iska ta taɓa shi kaɗan sai ya riƙa sauka ɗaya-ɗaya a kan gansakuka, a kan baƙin rufin haikalin, a cikin kwamin dutsen da mutane ke wanke hannu da ludayin gora kafin su shiga. Baban Lambu ya hana ni share wanda ya zuba. Ya ce shi ma kallonsa ake zuwa yi.

Mutane kuwa, tun bakwai na safe suke layi, kuma ba ka jin hayaniya. Masu kwat da jakar ofis, 'yan makaranta, mata cikin tufafin gargajiya suna taku ƙanana. Wasu su jefa kwabo su sunkuyar da kai, wasu hoto kawai ya kawo su, amma kowa in ya iso gaban bishiyar sai ya yi shiru. Na ga wani ya turo mahaifiyarsa a keken marasa lafiya, ya tsayar da ita a ƙarƙashin rassan, ya cire mata hula don ta iya ɗaga kai. Sun fi rabin awa a wurin suna kallo.

Jiya bayan aiki na bi ta wani babban wurin bauta mai jar ƙofa. A filin gefensa an shimfiɗa shuɗiyar leda ko'ina, iyali-iyali, kowa ya tuɓe takalmi ya jera a bakin ledar kamar zai shiga ɗakin surukarsa. Wata tsohuwa ta yafito ni ta ba ni wani tuwon shinkafa mai zaƙi da aka naɗe da ganyen ceri mai gishiri. Na ci don kunya, sai na ji ina neman na biyu. Abin da ya fi burge ni shi ne duk sun san mako guda ne. Shekara guda ana tokara, ana naɗi, ana zuba taki, saboda kwana bakwai, kuma ba wanda yake ganin an cuce shi. Na zauna a bakin ledar matar nan na yi addu'ata ga Ubangijina da ya yi wannan abu, na sa sunan Mama a ciki.

Akwai maganar da ba daɗi, gara ka ji daga bakina. Na tambayi Baban Lambu yaushe bishiyar Mama za ta dawo yadda take. Ya ce in ciwon ya warke ba ruɓa, bana ganye kawai, badi ɗan kaɗan, cikakken fure sai shekara uku. Kuma na bokiti yana riga na waje buɗewa, ba zai jira a sallami Mama ba. In ya buɗe, kwanaki kaɗan gare ka.

Taka,
Gift


Lewisham, 30 ga Maris

Gift 'yata,

Alherin Ubangiji ya tabbata a gare ki. Mu duka lafiya. Zauna ki karanta wannan.

Shekaranjiya da safe na fito falo na tarar sun buɗe. Ba duka ba, robar fenti ɗaya ta ƙi, amma tukunyar shinkafa kam kamar an zuba mata auduga. Shekara goma sha tara ina share furen nan, ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai ranar. Kowane ɗaya da 'yan zare a tsakiya, da ɗan ja a gefe kamar kunnen jariri. Na ja kujera na zauna, shayina ya huce.

Jiya na zaɓi manya guda biyar na naɗe gindinsu da jiƙaƙƙen tawul na nufi asibiti. Ni da na yi shekara ashirin da biyu ina tuƙa bus a Old Kent Road ina hana mutane shigo da kayan da suka fi ƙarfin ƙofa, sai ga ni da daji a kafaɗa. Direban ya dube ni, ya dubi rassan, ya buɗe min ƙofar tsakiya. Wata Baturiya ta tashi ta ba ni wuri, furen yana zuba mata a gashi tana dariya.

A bakin ward Sister Margaret ta tare ni, ta ce dokarsu ba a shiga da fure. Na ce mata ba fure ba ne, shaida ce na kawo a kan kaina. Ba ta gane ba, amma ta yi tunani ta ce in zaga ta ƙofar gilashi da ke fita ɗan lambunsu a ƙarshen corridor, in tsaya a waje. Daga kujerar Mamanki zuwa ƙofar nan, na auna daga baya, taku goma sha bakwai ne. Ba ta taɓa wuce goma sha ɗaya ba.

Ina tsaye ina hango ta. Aka nuna mata ni, ta ɗago kai, ta daɗe tana kallo. Sai ta jawo frame ɗinta, ƙarfen da take dogarawa da shi. Sau biyu ta tsaya, Sister ta matso da kujera, ta girgiza kai. Ni kuwa hannuna ya gaji, amma ban isa in sauke ba. Da ta iso aka buɗe ƙofar, ta sa hannun mai lafiyar ta shafa furen, ta bi reshen har ƙasa. Nan yatsanta ya tsaya a kan wani guntun koriyar igiyar shanya da ya nutse cikin ɓawon tun shekaru. Ni ban ma lura da shi ba.

Ta ce, “Chollom. Wannan reshen gefen kitchen ne.”

Na ce eh. Na faɗa mata duka, da zarto, da mangwaron babana, da ƙaryar ranar Laraba. Ban rage komai ba. Fuskarta tun ciwon nan ba ta nuna abin da ke ciki, ban san ko kuka za ta yi ba, ko za ta ce a mayar da ita gado.

“Ta mutu?”

“Ba ta mutu ba. Na shafa mata magani.”

“Yaushe za ta yi fure?”

Na so in rage, amma na ce, “Tsohon Japan ya ce shekara uku.”

Ta maimaita, shekara uku, a hankali. Ta ciri fure ɗaya ta sa a aljihun rigarta. Sannan ta dube ni irin kallon da take min in na dawo kasuwa da ruɓaɓɓen tumatir.

“Ni da na shirya wa wata ɗaya,” in ji ta. “Ka ja min aiki, Chollom. Yanzu dole in zauna shekara uku ina gadin ta, don ba zan bar ta a hannunka ba.”

Ta juya frame ɗin da kanta, ta ce wa Sister a kawar da kujerar daga hanya, da ƙafa za ta koma.

Na tsaya a wajen da rassan a kafaɗa, ina ƙirga mata takun ta cikin gilashi, har idona ya daina gani sosai.

Kawunki,
Chollom